Ƙudajen Dokta Kyari

Allah ya yi wa Damagaram baiwa da malamai da fatake, amma sai a zamaninmu ya cika mata ni'ima da Dokta Kyari. Ya yi shekaru a Faransa yana leƙen cikin ƙuda. Ba ƙudan mahauta ba, wannan na talakawa ne. Nasa ɗan mitsitsin nan ne da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Ƴan kabu-kabun unguwar Zango suka naɗa shi Sarkin Ƙuda, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu biyu, don bai ga abin dariya a ciki ba.

Ko sannu ka ce masa sai ya gyara karabat ɗin wuyansa.

"Kun san yadda tsoka ke samuwa? A bayan kowace ƙwayar halitta akwai furotin. Shi ke gane ɗan'uwansa ya riƙe gam, sai ƙwaya ta kutsa cikin ƙwaya, su narke su zama tsoka guda. A duk Nijar ni kaɗai na gani da idona."

Mun yarda. Wa zai je ya duba?

Abu ɗaya ya rage wa duniya ta biya shi: aiki. Tun da ya dawo, tuwon mahaifiyarsa Hajiya Fanta yake ci, kuma abin na cinsa a rai. Sai ga wata sabuwar cibiyar bincike tana neman masani. Shugabanta ya ce zai zo ya ga ƙudajen da ransu kafin ya yanke magana. Dokta ya jera kwalaben ƙudajen da ya yo dakonsu daga Turai a ɗakin baƙi, ya ƙara musu mangwaro, ya tafi tarbo baƙo. Bai yi wa tsohuwa bayani ba. Ina ita ina ilmi?

Hajiya kuwa Babarbariya ce gaba da baya. A karɓi babban mutum a ɗaki mai tsami, a gidanta, tana raye? Ta kwashe kwalaben ta juye a kwata, ta wanke su tas, ta cika su da turaren wuta haɗin hannunta. Ta hura kasko, ta rufe tagogi, don ko ƙuda ɗaya kada ya saura ya ba ta kunya.

Dokta ya shigo da baƙo yana tsakiyar jawabi. Ya miƙa hannu ga kwalabe, sai ya ga turare ne cike da su.

"Auta, ka ga na kore maka su duka," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Sannu da zuwa, Alhaji. A yi haƙuri da ɗakin, yaro ne."

Shugaba ya lumshe ido ya shaƙi hayaƙi, ya ce rabonsa da irin wannan ƙamshi tun kakarsa na da rai. Hajiya ta ba shi kwalba guda ya kai wa iyali.

Aikin dai wani aka ba. Amma motar cibiyar ba ta daina tsayawa a ƙofar gidan neman turare ba, kuma Dokta ne ke leƙawa ciki ya ce, "Hajiya, ana sallama da ke."