Aljanin da Na Aro Daga Littafina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zama aljani a unguwar Soron Ɗinki ba, kuma da bakina na nemi muƙamin, ba wanda ya tilasta ni.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni marubuciyar labaran ban tsoro ce, irin waɗanda ake turawa shafi-shafi a guruf na waya da sunan aro. Matan aure sun sha ƙorafin na hana su shiga banɗaki su kaɗai, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Abin da ba su sani ba, jarumar tasu idan murfin tukunya ya faɗi sai ta nemi wurin zama. Tun ranar da tukunyar gas ta fashe a shagon da ke jikin gidanmu a Koki, na ga abin da har yau na kasa rubutawa, ƙara mai ƙarfi sarƙe mini numfashi take yi, in ji kamar mutuwa ce ta zo. Likita ya ce ciwon firgici ne, ya ɗora ni a kan magani, kuma ina samun sauƙi. Sai dai da niƙabi nake zuwa asibitin (ni da mayafi ma sai an yi mini faɗa), domin a unguwarmu idan aka ji kina ganin likitan ƙwaƙwalwa, to ki yi sallama da manema.

Ni kuwa ina da manemi, Nasiru, ina kuma son sa, ban gaya masa komai ba. A wunin bikin 'yar baffansa mahaifiyarsa, Hajiya Binta, za ta fara ganina. Gwaggona Talatu ce ta raka ni. Aka zaunar da ni a tabarma kusa da Hajiya, na sunkuyar da kai ina tsintar shinkafa ƙwaya-ƙwaya, sai ka ce ba ni ce mai share kwano biyu a gida ba.

Kawai sai wani balan-balan na ado da rana ta gasa ya fashe a daidai ƙeyata.

Ban san lokacin da na zube ba. Jiki na rawa, numfashi ya ƙi shiga, jakata ta yi nata wuri. Kafin ka ce me, mata sun yanke hukunci: "Aljanu ne!" Wata ta kawo garwashi da habbatussauda, wata ta cusa mini tafarnuwa a hanci. Gwaggo ta danne babban ɗan yatsana ta daka tsawa:

"Kai wane ne? Faɗi sunanka, maƙiyin Allah!"

A lokacin fa abin ya fara sakina. Kalma biyar ta ishe ni: ciwo ne, ba aljani ba. Amma da na buɗe ido kaɗan na ga Hajiya Binta tsaye a kaina, sai na yi lissafi irin na mutanen garinmu. Mai aljanu tausayinta ake ji, har rubutu ake aiko mata a kwalba. Mai shan maganin ƙwaƙwalwa kuwa janye yara ake yi daga gabanta. Sai na kumbura murya.

"Ni ne Zangaru, mai shekara dubu uku, mazaunin tsohuwar rijiyar marina!"

(Zangaru shi ne mugun aljanin da ke cikin littafin da nake kan rubutawa. Shi ya fi kusa, shi na ɗauko.)

Wuri ya ɗauki salati. Kunya ce in faɗa, amma wallahi na ji daɗin yadda na riƙe jama'a. Gwaggo ta ce, "Me kake so ka fita?"

"Baƙar akuya mai farin goshi, da ƙwai biyar!"

"Bakwai dai," in ji wata murya daga baya.

Zainab ce, ƙanwar Nasiru, waya a hannu. "Ƙwai bakwai ne, Anti. Ai labarin da muke karantawa a guruf ne, ga shi nan a shafi na ashirin. Ke ma kina bi ashe? Amma kin ɓata shi."

Littafina, aljanina, kuma a bainar jama'a aka gyara mini lissafin ƙwai. Gwaggo ta saki yatsana kamar ta taɓa wuta. Dariya ta fara daga wajen masu rabon abinci ta zagaye tsakar gida. Ni kuwa ina kwance da tafarnuwa a hanci, ina roƙon ƙasa ta tsage. Aljanin ya gudu, ya bar ni da sunan maƙaryaciya.

Hajiya Binta ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta shigar da ni ɗaki ta rufe ƙofa. A ɗaya hannun nata jakata ce, da katin asibitina da maganina da suka zube. Na ce shi ke nan, Nasiru sai a lahira. Na fashe da kuka, na gaya mata komai, tun daga gas har niƙabi.

Ta juya maganin ta duba bayansa.

"Da safe kike sha ko da daddare?"

"Da safe, Hajiya."

"Ki tambayi likita ko zai mayar miki dare. Ni da safe jiri yake sa ni." Ta kunce bakin zaninta, ga irinsa sak a ƙulle. "Tun haɗarin motar da ya ɗauke baban su Nasiru, ni ma ina ciki, nake fama da ciwon nan. Ni ma sai da aka yanka mini akuya uku kafin in je asibiti, ba abin da suka ƙara mini sai romo." Ta miƙo mini jakar. "Ciwo ba ya hana aure a gidana, 'yata. Amma ƙarya tana hanawa. Ki gaya masa da bakinki yau."

Na gaya masa. An kuma yi auren, sai dai har gobe dangin miji Zangaru suke kirana, idan an soya ƙwai kuma sai an tambaye ni guda nawa. Na koyi cewa gaskiya, komai nauyinta, ta fi aljanin aro sauƙin ɗauka. Yanzu ranar asibiti tare muke tafiya da Hajiya a adaidaita sahu ɗaya, kuma ba mai niƙabi a cikinmu.