Yabon Likitan Basir Da Ya Tara Min Gari

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da yabon likita ya tona min asiri.

Ni malamin makaranta ne a ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama a Sudan, Ustaz ake ce min. Na daɗe ina fama da basir a ɓoye, ko matata Hauwa ba ta sani ba. Da abin ya ci tura na ce za ni birnin Damazin aikin ofis, na lallaɓa wajen wani matashin likita. Allah ya sa aka dace.

Da zan fito ya roƙe ni in rubuta ra'ayina a shafinsa na Fesbuk, don asibitinsa sabon buɗewa ne, mutane ba su san shi ba. Ya ba ni tausayi. Na danna masa taurari biyar, sannan malantar ta motsa. Na zayyana komai dalla-dalla, har da yadda nake koyarwa a tsaye ba don ƙwazo ba. (A lissafina 'yan Damazin kaɗai za su gani. Na manta sunana da hotona da rawani suna kai.)

Na dawo ran Juma'a na tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana dafa jabana, gahawarmu ta nan, an kayar da rago. Ashe Hauwa ta gani ta kai wa Gwaggona, ita kuwa ta rantse sai an yi karama, wato yankan godiya in mutum ya tashi daga ciwo.

"Kaffara, ya Ustaz!" in ji jama'a, wato sannu da jiki.

Gwaggo har da hawaye. "Ɗan nan, wagga wahala duka kas sha kai ɗai? Mu mi muka yi?"

Ina neman inda zan ɓuya sai ga surukina Alhaji, mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na durƙusa zan zauna a gabansa, ya ɗaga hannu.

"Dakata! Ku kawo mishi matashin kai mai taushi. Mun karanta, mun san halin da ake ciki."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ba mai dariya kuma, kowa tausayina yake ji da gaske, abin da ya fi kashe ni ke nan. Haka na zauna a kan matashin ina amsa addu'a.

Likitan dai ya cancanci yabo, ban janye ba. Amma yanzu ko mai gyaran haƙori ne, taurari nake danna masa in ja bakina in yi shiru.