Ranar da Na Yi wa Batir Turare

Ko tsufa ya kwashe min haƙora, ba zan taɓa mantawa da ranar da Alhaji Seidu ya yi walimar motarsa a unguwarmu ta Nima ba. Shekarar da aka koro mu daga Legas ce. Na dawo da lasin tuƙi da tabarau baƙi, sai kuma bakin cika baki. Wata bakwai ba aiki, ga matata Ramatu da tsohon ciki. Don haka da na ji Alhaji ya sayi trotro, motar haya da za ta riƙa jigila tsakanin Nima da Circle, kuma mu uku yake dubawa ya zaɓi direba, sai na ƙudura zan nuna masa na fi sauran hankali da tsoron Allah.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka zauna, mata na ta hidimar waakye, wato shinkafa da wake, a ciki. Na sha farin yadi, riga da wando, na kafa tabarau (a inuwa muke fa). Masta Kwaku, mai gyaran wayar mota, ya kawo batir daga wurin caji ya ɗaura, ya bar murafun a sassauce, ya shiga gida neman ruwan wanke hannu.

Da aka shafa fatiha, Hajiya, matar Alhaji, ta fito da kaskon turaren wuta a zagaya motar saboda bakin mutane. Kafin kowa ya motsa na karɓe. Na turara kujeru, na turara tayoyi, ina ɗaga murya da addu'a don Alhaji ya ji. Da na tsaya nan, da na fita kunya. Amma sai na ce a raina, ai injin ne ran mota. Na leƙa ƙarƙashin bonet, na kara kaskon a jikin batir, na cika kumatu na hura garwashin.

Ƙarar da ta tashi, har a unguwar Maamobi an ce an ji (ƙila an ƙara gishiri). Malamai suka watse ba takalmi. Ni kuwa na tsinci kaina zaune a bakin kwata, kunnuwana na kuka, fuskata na raɗaɗi. Masta Kwaku ya sheƙo, ya juye min bokitin ruwa a ka, ya ƙara wani, ya ƙara wani. Ya zare tabarauna ya duba idanuna, sannan ya sauke numfashi.

"Ɗan'uwa, wannan gilas ne ya cece ka," in ji shi. "Batir in ya sha caji, yana numfashi. Iskan da yake fitarwa, wuta yake jira. Ashana, sigari, ko waya ya yi sako-sako ya yi tartsatsi, shi ke nan. Kai kuma garwashi ka kawo mishi kwata-kwata."

Na so in gudu gida, amma na ce namiji ba ya gudu. Na matse rigata, na zauna gefe har rana ta busar da ni. Abin da ban sani ba, ruwan batir ɗin da ya fantsamo min yana cin yadi a hankali, kuma bokitan Masta duk a kaina suka ƙare, wandon bai samu rabonsa ba. Da aka ci abinci, na je gaban Alhaji in ba da haƙuri. Ina durƙusawa wandon ya dare tun daga gwiwa har ƙugu. Na kai hannu in kama, inda na kama ya biyo hannuna. A gaban limami, a gaban abokan takarata, Hajiya ta miƙo min zaninta na ɗaura.

Wallahi na yi kuka a zuci. Ba wandon nake tunani ba, Ramatu nake tunani, da abin da zan ce mata.

Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce, "Ɗana, ka san yanzu me ya fasa batir?"

Na maimaita masa karatun Masta, ban rage ko harafi ba.

"To, su waɗannan biyu ba su sani ba tukuna," ya ce. "Kai ka riga ka biya kuɗin makaranta. Gobe ka zo ka ɗauki makulli, amma ka sa wando."

Shekara tara na ja motar nan. Alhaji ya sa aka rubuta MAI TURARE a goshinta, har fasinjoji na tambayata ko Hajiya ce ke sayarwa. Duk direban da na gani zai ƙyasta ashana ya duba ruwan batir, sai na riƙe masa hannu na ba shi labarina, har da zanin. Addu'a dai ban daina yi wa mota ba, amma da baki nake yi, daga nesa kaɗan. Kasko kuwa na bar wa Ramatu, ita ta san inda ake kai shi.