Bakina da Injin Alhaji Sani

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko a cikin Zango, unguwarmu ta Hausawa a Kumasi, ba, kuma ko na so in manta, matan layinmu ba za su bari ba. Sana'ata kimanta injuna da kayan aiki. In za ka sayar da masana'antarka, ko banki na son sanin darajar abin da ka mallaka kafin ya ba da rance, irinmu ake kira mu duba, mu ƙwanƙwasa, mu zaga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da injuna, mu ji nawa irinsa yake tashi a kasuwa, sannan mu rubuta takarda mu buga hatimi. (Mahaifiyata har yau ce wa mutane take yi ni dillali ne mai digiri. Na gaji da gardama, na bar ta.)

Lokacin ban daɗe da samun lasisi ba, kaina ya fi ƙarfin hulata. Duk ayyukan da na taɓa zuwa a bayan maigidana na je su, ina riƙe masa jaka. Sai ga Mma, wato mahaifiyar tawa, ta kawo min aiki har ɗaki. Alhaji Sani mai nikanika, aminin marigayi babana, zai sayar da gidan niƙansa. Gwiwoyinsa sun gaji, 'ya'yansa duk suna Turai, babu mai sha'awar garin masara a gashin ido, kuma abin da zai samu a cinikin nan shi zai ci har ƙarshen rayuwarsa. Wata Madam Akosua daga unguwar Sofoline, wadda take da nata gidajen niƙan, ta ce za ta saya, amma bankinta ya ce sai ya ga takardar mai kimantawa. Mma ta ce wa Alhaji me zai kai shi neman bare ga ɗanta a gida zaune.

Ranar na ci ado irin na ma'aikata: hular kwano, riga mai walƙiya, takalmi mai ƙarfe a baki, a wurin da babu abin da zai faɗo maka a ka sai yanar gizo. A aljihuna akwai hankici cikin waɗanda Mma ta sa aka buga don walimar gama karatuna, da hotona a tsakiya, ina murmushi cikin hular digiri. Ta yi odarsu kamar duk Kumasi za ta zo, shi ya sa har yau da su muke goge tebur a gida.

Na tarar da wurin cike. Mata sun jera bahon masara da gero, masu koko da masu tuwo, Madam Akosua tana zaune a kujerar roba da jakarta a cinya. Na duba kawunan niƙan ɗaya bayan ɗaya, na taɓa bel, na girgiza kai irin na masana ko da ban ga komai ba. Sannan Alhaji ya kai ni wurin babban injin dizal da ke jan su duka, wanda yake kira Tsohuwa. Ya ce ita ta kai shi Makka, ita ta aurar da 'ya'yansa, in sa wannan a lissafi. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa banki ba ya sayen tarihi.

Na zaro sandar gwajin mai, na goge da hankicina, na goge farantin da ke ɗauke da lambar injin don baƙin hayaƙi ya rufe shi, na ajiye hankicin a gefe na shiga ɗaukar hoto ta sama ta ƙasa. Da na gama na ce a tayar. Alhaji da kansa ya kama hannun, ya yi bisimilla, ya juya. Tsohuwa ta ɗauka lafiya lau, sauti daidai, ba rawa ba gargada. Gaskiya inji ne mai kyau.

To a nan ne ya kamata in ja bakina in yi shiru. Abu na farko da maigidana ya koya min shi ne mai kimantawa ba ya faɗin farashi a wurin aiki, sai ya koma ofis ya zauna ya auna. Amma ga jama'ar unguwarmu sun zuba min ido, waɗanda suka san ni tun ina yawo ba wando, yau ga ni da hular kwano. Shaiɗan ya ce min dama ce. Na ɗaga murya sama da ƙarar injin na ce ban taɓa ganin tsohon inji mai lafiyar wannan ba, babu abin da zai same shi, shi zai binne mu duka. Na kuma faɗi kuɗinsa a fili, kowa ya ji.

Wata tsohuwa mai sayar da koko, Mma Hawa, ta ce, "Ɗan nan, ka ce Masha Allah mana."

Na yi dariya na ce mata wannan ba yabo ba ne, awo ne na ilimi.

Ban rufe baki ba Tsohuwa ta yi tari. Ta sake wani. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ta yi wani nishi kamar saniyar da ta ƙoshi, ta tsaya cak.

Wata mata ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririnta. Wani mutum da ya ajiye sabon babur a ƙofa ya fita a hankali ya tura shi bayan gida. Madam Akosua ta miƙe, ta rataya jaka, ta ce da Alhaji cikin Turanci za ta je ta yi tunani, kuma duk wanda ya taɓa ciniki a Kumasi ya san wannan tunanin ba ya ƙarewa. Alhaji ya zauna a kan buhun masara, ya kalle ni ya ce tun da ya sayi injin nan bai taɓa mutuwa yana tsakiyar aiki ba. Tausayinsa ya kama ni, don na ga abincin tsufan mutum yana shirin fita ƙofa da jaka a kafaɗa.

Mai hankali da ya ba da haƙuri. Ni kuwa sai na hau wa'azi. Na roƙi Madam ta dakata, na juya ga jama'a na ce camfi ne ya hana Zango ci gaba, baki ba ya kashe inji, kowace matsala tana da dalili, kuma yanzu zan nuna musu. (Har da yatsa nake nunawa, Allah Ya yafe min.) Na ce baƙin hayaƙi alama ce ta inji bai samun iska. Na durƙusa wurin bututun da yake shaƙar iska, wanda dama babu murfi a bakinsa, na zura hannu, na ji tsumma ya toshe shi. Daɗi ya kashe ni. Na jawo shi na ɗaga sama kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Ga bakin nawa," na ce. "Wani sakarai ne ya ajiye tsumma a bakin bututu inji ya zuƙe. Wanda ya yi wannan ko keken ɗinki bai kamata a bar shi ya taɓa ba."

Mata suka matso suna tambayar na wane ne. Ni da kaina na kama gefe biyu na karkaɗe shi, na buɗe musu.

Duk da baƙin mai, hular digirin ta fito sarai. Murmushin ma yana nan.

Ban san wanda ya fara dariya ba, na dai san har masu wucewa a titi sun shigo tambayar lafiya. Mma Hawa ta riƙe ciki tana cewa ai ga shi nan, bakin bai ishe shi ba sai da ya shiga ciki da kansa. Na tsaya riƙe da fuskata a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ba ruwanta.

Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya tashi da ƙyar, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, in ka gama awon, je ka tsaya waje. Can nesa. Kuma kar ka ce komai."

Daga bakin kwata na ji ya yi bisimilla ya juya, Tsohuwa ta yi tari ɗaya ta ɗauka kamar ba abin da ya faru. Madam Akosua ta sauke jakarta, tana share hawaye, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Alhaji, wannan inji ya haɗiye injiniya da hulansa, ya tashi kuma. Yana da ƙarfi paa. Zan saya."

Ta saya ɗin, a farashin da bai ɓata wa Alhaji rai ba. Sharaɗinta ɗaya: maigidana ya zo ya sake dubawa, shi zai sa hannu a takardar. Ya zo, ya ji labari daga bakin mata wajen goma, kowacce da ƙarin gishirinta, sai da muka shiga mota sannan ya kifa kai a sitiyari yana dariya.

Kada ku ɗauka ilimi ya yi nasara a unguwa. Hukuncin da aka yanke shi ne bakina ne ya ja hankicin. Har yau in na ce wa maƙwabci firjinsa ya yi kyau sai ya ce ai tsoho ne, na aro ne ma.

Yanzu ko a masana'antar wanda bai taɓa jin Larabci ba, kafin in buɗe baki a gaban inji sai na ce Masha Allah, ba ya cin mai kuma ba ya rage farashi. In kuma na tsinci tsumma inda bai kamata ba, nakan juya baya in buɗe shi ni kaɗai tukuna, kafin in fara neman sakaran da ya ajiye.