Ranar da Na Sa Batir Ya Ciyar da Kansa

Ana gobe sunan ɗiyar ƙanwata, a ƙauyenmu kusa da Belbeji, Kawu Issufu ya ce batirin lasifikarsa ya yi sanyi. Ni kuwa na dawo daga Damagaram da sabuwar caja, ina ji da kaina.

"Kawu, kwantar da hankalinka," na ce. "Ja kan ja, baƙi kan baƙi, shi ke nan."

Sai dai caja ba ta aiki sai da wuta, mu kuwa ba mu da kuran, wato wutar lantarki. Nan basira ta zo mini. Na haɗa batirin da na'urar da ke juya wutarsa ta koma irin ta gida, na soka caja a jikinta, na maido wayoyin cajar, ja da baƙa, kan batirin nan dai. Fitilar caja ta kama! Dattawa suka yi ta masha Allah, ni ina kurɓar shayi.

Da safe liman ya kama makirfo, ko tari lasifika ba ta yi ba. Da maƙogwaronsa ya sanar da suna.

Kawu ya bi wayoyin da ido. "Wato rijiya ka ɗiba ka zuba wa rijiya, rabi ya zube a hanya?"

Har yau in na gitta bakin rijiya, mata sai su ɗaga guga: "Injiniya, zo ka cika mana ita!"