Ranar da Taiba Ta Hana Diga Aiki

"...Lafiya lau, angona. Ina gajiya? Ya tsufa? Haƙoran nan biyu suna nan, ko sun bi 'yan'uwansu?"

"Suna nan, amarya, tsarabar Turkiyya suke jira. Ya hanya? Ya yunwa? Na ga kin koma kamar sillen kara."

Haka na ji ana yi a bayana, ina tsaye da diga a hannu. Ni Jatau magini ne, surutu ba ya cikin sana'ata. Alhaji Ɗanlami, tsohon mahauci a Birnin Tudu, shi ya kira ni daga Talata Mafara in rushe zaurensa na laka in ɗora na bulo. Zauren ya girme ni. Fuskarsa duk zane ne da aka fitar da hannu, damina kuma ta cinye kusurwa guda. Jikarsa Taiba tana jami'a a Turkiyya, ba a sa ran zuwanta sai bayan Sallah, shi kuwa so yake ta iske sabon gini. Sai ga ta da jaka, ɗan kabu-kabu ya sauke ta daga Bakura.

"Tsoho, wagga diga fa? Ko ka gaji da jira ne za ka haƙa wa kanka?"

"Gida nake gyara miki, marar godiya. Matata mai digiri ba za ta shiga ta ƙofar laka ba. Gobe abokan karatunki su zo daga Santambul su ce mijinki a rami yake kwana."

"Ai sun riga sun gan shi."

"Sun ga wa?"

"Zauren. Hotunan da na ɗauka bara, da kake cewa na rasa aikin yi. A kansa nake rubuta aikin kammala karatuna."

"Tsaya. Wai mi ma kike karantawa can?"

"Tarihin zane da gine-gine, da Turkanci."

"Wato jirgi kika hau, kika ƙetare teku, don ki koyi kallon bango? Ƙadangarun gidan ga sun riga ki digiri!"

"Su ma sun fi ka, su ba su taɓa kiran mai diga ba."

"To mi kika ce wa Turkawan?"

"Na tsaya gaban malamai, aka haska zauren ga a allo, na yi bayani da harshensu. Na ce mahaifinka ya ɗauko magini daga Maradun, ya zana da yatsunsa, ya ɓoye wuƙar fawa a tsakiyar adon don mai wucewa ya san gidan su wa ne. Kai ka faɗa mini ina ƙarama, kana ba ni tsire don in daina kuka."

Na ɗaga kai na duba saman ƙofa. Ga wuƙar nan kuwa, har da ƙotarta. Tun safe nake gaban bangon ban gan ta ba. Alhaji ya gyara zaman hula, ya sake gyarawa.

"Kin ambaci sunana?"

"Na ce akwai wani tsohon maigadi da ke zama bakin ƙofa yana korar ƙuda."

"Na sake ki! Jatau, kai ne shaida."

"Wa zai kwashe ka in na tafi?"

"'Yan mata na layi tun daga nan har Damri."

"Layin sayen nama dai, shi ma bashi."

Ya murmusa, amma ya nuna kusurwar da ta zube da sandarsa. "Bar wasa, Taiba. Turkawanki ba su ke zama ƙarƙashinsa ba, ni ne. Jatau, faɗa mata."

Na faɗi abin da na sani. Zai gyaru da tubali da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Amma yaɓe yake so duk shekara, yaran gidan kuwa babu mai son taɓa ƙasa. Na ƙara da cewa na sha ganin masu son tsohon gini da baki, ban taɓa ganin ɗayansu da laka a ƙafa ba.

Ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta naɗe hijabinta, ta ɗauki jarkar ruwanmu ta tuttule a kan ƙasar da ta zube. Ta shiga ta fara takawa. Ba ta iya ba, sau biyu tana neman faɗuwa, amma ba ta fito ba.

"Duk hutu ni zan yi yaɓen. In ban zo ba, ka auri ta Damri."

"La ila! Ku zo ku ga digiri cikin kwaɓi! Haka ake taka laka a Santambul, kamar kaza a kan garwashi?"

"Sauko ka nuna mini, in gwiwar za ta yarda."

Alhaji ya yi dariya har sandar ta faɗi. Da ya goge ido sai ya ce, "Jatau, ajiye digar nan. Je ka nemo makuba."

"Bulon da aka sauke fa, Alhaji?"

"A yi wa awaki ɗaki. Su ba su yi karatun kallon bango ba."

Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fiddo ƙullin kilishi, ya miƙa mata tana tsaye cikin laka.

"Ungo, na janye sakin, na mayar da ke ɗakinki. Amma in kin koma, ki gyara wa malaman nan magana da Turkancin naki. Ki ce tsohon da ke bakin ƙofa, zauren ubansa ne."