Tambayar da Aka Kife

A wani daji, a gindin wata tsohuwar tsamiya, akwai rumfar da dabbobi magina ke taruwa. Duk wanda aikin rami ko na sheƙa ya gagare shi, sai ya zo ya kafa tsinke a ƙasa, ya faɗi matsalarsa, masu sani su ba shi amsa kyauta. Wanda amsarsa ta yi amfani, a ba shi tsakuwa. Wanda tsakuwarsa ta taru kuwa, sai a danƙa masa ƙwarya: tambayar da ya ga ba ta kai ba, ya kife wa tsinkenta ƙwaryar, daga nan babu bakin da zai sake amsa ta.

Don Allah a faɗi gaskiya, ƙwaryar da dalili aka ƙirƙiro ta. Can da, akwai ragwayen da ke zuwa su ce, "Ramina ya lalace, a gyara min," su miƙe ƙafa a inuwa. To, ragwayen sun daɗe da canja hanya, amma ƙwaryoyin suna nan, masu riƙe da su kuma hannunsu na ta ƙaiƙayi.

Ana nan sai wata bushiya mai suna Delu ta zo. Raminta na bakin fadama, 'ya'yanta huɗu na ciki ko ido ba su buɗe ba, ga ruwa ya fara tsattsafowa a makwancinsu tun ruwan farko. Fitar da su ba zai yiwu ba, don shirwa na shawagi a sama. Ta kafa tsinkenta, ta durƙusa.

"Manya, barkanku da hutawa. Ramina ne ke tsattsafo ruwa, ga goyo. Ta yaya zan tsayar da shi kafin babban ruwa ya sauko?"

Babban mai ƙwarya a ranar shi ne wani hankaka, Malam Jibo. Tunda uwarsa ta ƙyanƙyashe shi bai taɓa tona rami ba, duk tsakuwarsa a harkar sheƙa ya same ta.

"Baiwar Allah," in ji shi, "an taɓa yin wannan tambaya. Shekara bakwai da suka wuce wani zomo ya yi ta, aka ce ya toshe bakin rami da ciyawa. Da kin bincika, da ba ki ɓata mana lokaci ba."

"Ranka ya daɗe, na bincika, na ma gwada. Ramin zomo a jigawa yake, ta sama ruwa ke shigar masa. Nawa a laka yake, ta ƙasa yake fitowa."

"Ruwa dai ruwa ne," in ji Malam Jibo. Ya kife ƙwarya.

Dokar rumfa ta yarda mai tambaya ya gyara tambayarsa ya dawo. Washegari Delu ta dawo, ta zayyana komai dalla-dalla: zurfin ramin, irin ƙasar, abin da ta gwada. Aka ce ta cika surutu. Ta taƙaita, aka ce ba ta yi bayani ba. Daga ƙarshe aka ce ta kawo ɗan misalin da kowa zai gani da idonsa.

Ta koma, ta birkiɗa a makwancin 'ya'yanta, ta ɗauko jiƙaƙƙiyar laka a kan ƙayarta. Kafin ta iso, rana ta busar da ita. Malam Jibo ya ƙwanƙwasa lakar da baki, ya juya ta, ya duba sosai.

"Mu dai a nan wurinmu ba ta yoyo."

A gefe akwai wata gafiya, Lanti, wadda a fadama ta girma. Ta san maganin sarai: a haƙa 'yar magudana ƙasa da makwanci, ta gangara waje. Aikin rabin yini ne. Ta buɗe baki ke nan, ƙwarya ta sauka.

"Yaya Lanti," in ji Delu, "na ga bakinki ya motsa. Ki taimake ni don Allah."

Lanti ta kau da kai. "Ƙanwata, an riga an kife. Wanda ya amsa kifaffiya, kwashe masa tsakuwa ake yi, ni kuwa saura ƙiris in samu tawa ƙwaryar. Ki sake gyarawa, ki dawo jibi."

Babban ruwa bai jira jibi ba. Da la'asar ya sauko, fadama ta cika, ramin ya rufta. Ɗa ɗaya Delu ta iya fitarwa a bakinta.

Bayan kwana uku ta zo rumfa, baƙin ciki ya gama cinye ta. Ba faɗa ta zo yi ba. So take ta gargaɗi sauran mazauna bakin fadama, don ba ita kaɗai rami ya rufta wa ba. Aka saurare ta har ta gama.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam Jibo, kuma da ladabi ya faɗa. "Sai dai wannan labari ne, nan kuwa wurin tambaya ne. Tunda ramin ya rushe, matsalar ta kau ke nan. A cire tsinkenta, a share wurin."

Lanti ce ta share, da sabuwar ƙwaryarta a hammata.

A ƙarshen wannan damina aka yaba wa rumfar ƙwarai, domin tambayoyi marasa inganci daga bakin fadama sun ragu sosai.